RUWAN SAMA BA YA HANA YARA KALLON FURE A ƘASAR JAPAN

A kowace shekara, da zarar watan Maris ya raba tsakiya, akwai wani itace guda ɗaya a birnin Tokyo wanda hankalin mutanen Japan yakan koma kansa. Itacen yana cikin harabar wani wurin ibada da ake kira Yasukuni. Ma'aikatan Hukumar Binciken Yanayi ta ƙasar sukan je gindinsa kullum, su ɗaga kai suna ƙidayar furannin da suka buɗe, 'yan jarida da masu ɗaukar hoto kuwa sun kewaye su. Ran da aka ƙirga fure biyar ko shida, sai jami'in ya juyo ya ba da sanarwa cewa furen sakura ya buɗe a Tokyo. Nan take jama'a za su yi tafi, kafin magariba labari ya gama ƙasa ta rediyo da talabijin.

Daga wannan rana akan yi kamar mako guda kafin kashi 80 cikin 100 na furannin su buɗe, watau abin da suke kira cikar fure. Bayan kamar mako guda kuma sai ya soma zuba. Ashe ke nan dukan sha'anin bai wuce kwana goma zuwa mako biyu ba, amma saboda waɗannan 'yan kwanaki mutane suke niƙo gari daga ko'ina cikin duniya. A watan Maris na shekarar 1924 ba kowa ke iya wannan tafiya ba, amma bayan shekara ɗari, a watan Maris na 2024, baƙin da suka shiga Japan sun haura miliyan 3, karo na farko ke nan da aka sami haka cikin wata guda. Da yawa daga cikinsu magidanta ne waɗanda suka daɗe suna tanadi don su kai iyalinsu.

To, sai dai akwai abin da hotunan talla ba su cika nunawa ba. Lokacin fure lokacin ruwa ne. A Tokyo akan sami ruwan sama wajen milimita 116 a watan Maris, wajen 134 kuma a watan Afrilu, kusan kwana ɗaya cikin kowane kwana uku ana ruwa. Magidancin da ya zo da 'ya'yansa na kwana biyar ko shida da wuya ya koma gida bai haɗu da shi ba. Idan ya ɗauki ranar ruwa asara, zai wuni a masauki da yara suna kuka, yana leƙen taga yana lissafin kuɗin jirgi. Japanawa kuwa sun daɗe da sasantawa da wannan ruwa, har sun raɗa masa sunaye, sun kuma koya wa 'ya'yansu fita cikinsa. Baƙon da ya bi sawunsu yakan ga abin da mai jiran rana ba ya gani.

ITACEN DA HALINSA

Sakura dangin itacen ceri ne, amma ba don 'ya'yansa ake shuka shi ba, sai don furensa. Irinsa suna da yawa ƙwarai, amma wanda ya fi cika birane shi ne Somei Yoshino, wanda masu lambu na wani ƙauye mai suna Somei, da yanzu Tokyo ta haɗiye, suka soma sayarwa wajen tsakiyar ƙarni na 19. Ba a shuka shi daga ƙwallo. Aure ake yi masa, kamar yadda masu lambu suke yi wa mangwaro, a yanko reshe a ɗaura bisa wani gindi. Saboda haka duk itatuwan Somei Yoshino da ke ƙasar tamkar rassan itace ɗaya ne, halinsu ɗaya. Shi ya sa idan zafin gari ya kai musu, sai na unguwa duka su buɗe tare, su kuma zube tare. Har wa yau furen yakan riga ganye fitowa, don haka sai a ga itace fari fat da ɗan jaja-jaja, babu kore ko kaɗan.

Tun cikin zafin shekarar da ta gabata itacen yake ƙulla tohon furensa, sa'an nan tohon ya yi barci. Sanyin hunturu ne ke tashe shi, ɗumin da ke biyo baya kuma ya sa shi ya kumbura har ya fashe. Akwai wani lissafi da jama'a suke yi: a riƙa tara ma'aunin zafin rana mafi tsanani na kowace rana tun daga 1 ga Fabrairu, idan jimla ta kai digiri 600, to, fure ya kusa. Bisa matsakaicin shekarun 1991 zuwa 2020, furen Tokyo yana buɗewa ran 24 ga Maris, ya cika ran 31. Amma itace ba ya karanta kalanda. A shekarun 2020 da 2021 da 2023 ya buɗe tun ran 14 ga Maris, a 2024 kuwa sanyi ya riƙe shi sai ran 29. Waɗanda suka sayi tikiti bisa ga abin da ya faru bara sun sha mamaki a wannan shekara.

Abin da ya kamata iyaye su sani shi ne, ba kowane ruwa ke kakkaɓe fure ba. Sabon fure yana riƙe da reshensa gam, ko an kwana ana ruwa da safe za a tarar da shi yana nan. Hasali ma sanyin da ke zuwa tare da ruwan yakan ja masa kwana. Sai bayan ya cika da 'yan kwanaki ne yake saki, sa'an nan iska da ruwa su sami ikonsa. Akwai kuma alamar da ko yaro zai iya dubawa: tsakiyar sabon fure kore-kore ce, idan ta rikiɗe ta yi ja, to, kwanansa ya ƙare.

RUWA MAI SUNAYE

Bazarar Japan ba ta yi kama da bazarar ƙasar Hausa ba. Can babu zafin da ke hana barci, lokaci ne da ake fitowa daga tsananin sanyi, gari yana ɗan ɗumi yau, gobe ya koma ɗari. Daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu iska mai sanyi daga arewa takan yi karo da iska mai danshi daga teku a bakin gaɓar kudu, su tsaya ba mai ture wani, sai a yi kwanaki ana mamako. Ba irin hadarin da ke tasowa daga gabas da guguwa da tsawa ba ne, ya zuba kamar da bakin ƙwarya ya wuce. Yawanci yayyafi ne siriri mai naci.

Wannan mamako shi suke kira natane-zuyu, watau markar da ke zuwa sa'ad da wani ganye mai furanni rawaya yake fure a gonaki. Suna kuma ce masa saikau, ruwan da ke gaggauta fure. Ranar da gari ya yi lumshi babu ruwa, sunanta hanagumori. Sanyin da ke komowa bayan fure ya buɗe shi ne hanabie. Ruwan da ke wanke furanni daga reshe a ƙarshe suna kiransa sakura-nagashi. Idan iska ta kwaso ganyayen fure suna shawagi kamar dusar ƙanƙara, wannan hanafubuki ne, idan kuma suka taru bisa ruwa suna tafiya a jere kamar gadon fito, sai a ce hanaikada. Mutane ba sa ɓata lokaci suna raɗa wa abu sunaye haka sai sun zauna sun dube shi da kyau. Suna ma da karin magana cewa wata yana da gajimarensa, fure yana da iskarsa, watau abu mai kyau ba ya rasa mai tare shi.

KO MASU MULKI RUWA YA TAƁA SU

Al'adar kallon fure, wadda suke kira hanami, tsohuwa ce. Littattafan tarihin fada sun nuna Sarki Saga ya yi zaman kallon fure a lambun Shinsen-en na birnin Kyoto a shekarar 812. A wancan zamani sha'ani ne na sarakuna da fadawa. Manoma kuwa nasu kallon daban ne, gama a wurare da dama buɗewar furen ita ce alamar lokacin fara aikin shinkafa, har akwai itatuwan da ake yi wa laƙabi da sakurar shuka.

A shekarar 1594 Toyotomi Hideyoshi, jarumin da ya haɗa kan Japan da ƙarfin takobi, ya tafi dutsen Yoshino kallon fure da mutum wajen 5,000. Ana ba da labari cewa ya tarar ana ruwa, aka kwana uku ba a ɗauke ba, har ya husata ya ce in ruwa bai tsaya ba zai sa wa dutsen wuta ya koma gida. Masu hidimar wuraren bauta na dutsen suka kwana suna roƙo, da gari ya waye sai ga rana. Bayan shekara huɗu, a 1598, ya sa aka dasa itatuwa 700 a Daigo kusa da Kyoto, ya yi wani biki da mutum wajen 1,300, ya kuma zo da ɗansa Hideyori wanda bai wuce shekara biyar ba. Wata biyar bayan wannan biki Hideyoshi ya rasu. Fitar da ya yi da yaron nan ita ce kallon furensa na ƙarshe.

Talakawa sun sami rabonsu a ƙarni na 18. Daga shekarar 1720 Tokugawa Yoshimune, mai riƙe da mulki a lokacin, ya sa aka dasa itatuwa fiye da 1,200 a tudun Asukayama, a 1737 kuma aka buɗe wurin ga kowa da kowa. Tun daga nan kallon fure ya zama na iyali, a ɗauki abinci a shimfiɗa tabarma a gindin itace. Yau furen yana bisa kwabon yen 100 da ke aljihun kowa.

YARAN JAPAN DA LAIMARSU

A Japan shekarar makaranta a watan Afrilu take farawa, haka ma shekarar kuɗi ta gwamnati. Ana hutu daga ƙarshen Maris zuwa makon farko na Afrilu, watau daidai lokacin fure, shi ya sa wuraren shaƙatawa suke cika da yara. Yaron da zai shiga aji ɗaya akan saya masa wata jaka mai tauri ta goyo, randoseru, wadda za ta kai shi shekara shida, a kai shi gindin sakurar makaranta a ɗauke shi hoto da iyayensa. Daga nan kuwa da ƙafa zai riƙa zuwa makaranta tare da 'yan unguwarsu, ko ana ruwa ko ba a yi. A wurare da yawa akan sa wa 'yan aji ɗaya hula rawaya da marufin jaka rawaya, laimarsu ma sau da yawa rawaya ce, da ɗan gefe guda garai-garai don yaro ya ga gabansa, direba kuma ya hango shi daga nesa.

Yara suna da wani wasa na gargajiya. Idan za a yi fita gobe, sai su dunƙule takarda ko ƙyalle fari su ɗaure masa wuya, ya zama 'yar tsana mai ƙwalƙwalin kai, su rataya a taga wai don rana ta fito. Sunanta teru teru bozu. Mai son ruwa kuwa sai ya rataya tasa kai ƙasa. Asalinsa camfi ne, amma yau ya zama aikin hannu na 'yan makarantar reno. Idan gari ya waye da ruwa duk da haka, ba a fasa fita. A sa rigar ruwa da takalmin roba a kama hanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da ya tashi a haka ba ya ganin ruwa abin tsoro.

Laima kuwa ba ta wuyar samu. Wani kamfani na Tokyo mai suna White Rose shi ya fito da laimar leda a shekarar 1958, yau kuma kowane ƙaramin kanti na bakin titi yana sayar da irinta garai-garai a kuɗi kaɗan. Don kallon fure babu kamarta, domin mutum yana ƙarƙashinta yana ganin rassa a bisansa, ganyayen fure kuma suna faɗowa suna mannewa a kanta. Saboda arharta ba a damu da ita ba: a shekarar 2018 laimar da aka tsinta aka kai wa 'yan sandan Tokyo ta haura 300,000, waɗanda masu su suka zo nema ba su wuce ɗaya cikin ɗari ba.

ABIN DA YARO ZAI GANI

Ran da aka yi rana a lokacin cikar fure, manyan wuraren kallo sukan cika maƙil, ba masaka tsinke. Babba yana ganin fure ta saman kawunan mutane, amma yaro ɗan shekara huɗu ba abin da yake gani sai ƙafafu da jakunkuna, ga tsoron ɓata. Da yamma kuma ma'aikatan ofis sukan shimfiɗa ledoji shuɗɗa su zauna shan giya. Ran ruwa duk wannan yakan ragu ƙwarai. Hanya takan buɗe, masu shaye-shaye ba sa zuwa, yaro ya sami filin tafiya.

Ruwa kuma yakan sauko da furen inda yaro yake. Rassa sukan yi nauyi su sunkuyo. Jikin itacen yakan jiƙe ya yi baƙi ƙirin, farin furen ya daɗa fitowa. Kowane ɗan kududdufi ya zama madubi, ganyayen fure suna yawo a kansa. Yaro zai iya tsintar ɗaya ya ga 'yar tsagar da ke bakinsa, ya ƙirga ya ga kowane fure ganye biyar ne. Wani lokaci zai tarar da fure sukutum a ƙasa bai wargaje ba. Wannan aikin gwara ne: bakinta gajere ne, ba ya isa inda zaƙin yake, sai ta tsinke furen ta baya ta tsotse ta yar. Tsuntsaye masu dogon baki kuwa sukan zura ta gaba su sha, su bar furen a reshe.

Ka'ida ɗaya ce ake so a koya wa yaro tun kafin a fita: abin da ya faɗo ƙasa nasa ne, abin da ke bisa reshe na kowa ne. Ba a karya reshe, ba a girgiza itace, ba a hawa, domin sakura ba ta jure rauni, inda aka karya yakan ruɓe. Kwandon shara kuma ba shi da yawa a titunan Japan, kowa yakan koma gida da tasa.

Akwai wani amfani kuma. Daga Fabrairu zuwa Afrilu wasu itatuwan katako da aka shuka da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sukan saki wani gari cikin iska mai sa atishawa da ƙaiƙayin ido, yana damun mutane masu ɗimbin yawa. Ruwa yakan kwantar da shi. Yaro mai irin wannan larura ya fi samun sauƙi ran ruwa, sai dai a yi hattara da ranar da ta biyo baya idan rana ta fito da iska.

INDA AKE FAKEWA

Dabarar ita ce a zaɓi wurin da fure da rufin ɗaki suke maƙwabtaka, a yi sa'a guda a waje, a shiga a ɗumama, a sake fitowa. A Tokyo babu kamar lambun Ueno, wanda aka buɗe tun 1873, mai itatuwan sakura wajen 800. A cikinsa akwai gidan namun daji mafi tsufa a ƙasar, na shekarar 1882, da babban gidan kayan tarihi, da kuma gidan nazarin halitta da kimiyya. A ƙofar wannan na ƙarshe an kafa siffar wata dabbar teku wadda ta fi kowace dabba girma, tsawonta mita 30, a ciki kuma ga ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, ga Hachiko, karen nan da ya yi kusan shekara goma yana jiran ubangidansa da ya rasu a tashar Shibuya har shi ma ya mutu a 1935. Sai dai a tuna yawancin irin waɗannan gidaje ba sa buɗewa ran Litinin.

Tudun Asukayama na Yoshimune yana nan har yau, kuma ya dace da ƙananan yara. Akwai wani ɗan tarago mai kama da dodon koɗi da ke hawa da mutane kyauta cikin minti biyu. A sama ga tsohon kan jirgin ƙasa mai gawayi an ajiye don yara, ga gidajen tarihi uku a jere, ɗaya daga cikinsu na sana'ar takarda ne. Lambun Shinjuku Gyoen kuwa yana da itatuwa iri-iri fiye da sittin, da babban ɗakin gilashi mai ɗumi inda ake renon tsire-tsiren ƙasashe masu zafi, kuma an hana shiga da giya.

A Kyoto, wadda jirgin ƙasa mai gudun tsiya yake kaiwa daga Tokyo cikin sa'a biyu da kwata, akwai gidan tarihin jiragen ƙasa da aka buɗe a 2016, da rumfar 1914 mai ɗauke da tsofaffin kawunan jirgi, kusa da shi kuma ga gidan kifaye. Kasuwar Nishiki rufaffiya ce tsawon wajen mita 400. A wurin ibada na Ninna-ji akwai wani irin sakura gajere, mai makara wajen fure, wanda furensa ke kusa da fuskar yaro. Abin lura a Kyoto shi ne hawa da gangara na dutse a tsofaffin unguwanni, waɗanda ke santsi idan sun jiƙe. A nan goyo ya fi keken jarirai.

Kuɗin jirgi da sauƙi ga mai iyali. Yaron da bai kai shekara 6 ba kyauta ne, har biyu ga kowane babba, muddin ba a kama masa kujera tasa ba, daga 6 zuwa 11 kuwa rabin kuɗi. Amma kada a shiga jirgi da yara da jiƙaƙƙun laimomi da sassafe sa'ad da ma'aikata ke tafiya aiki, gama matsin ya wuce misali.

SANYI DA CI DA SALLA

Abin tsoro ga yaro ba jiƙewa ba ne, sanyin da ke biyo bayanta ne. Matsakaicin zafin Tokyo a watan Maris bai kai digiri 10 ba, ya fi sanyin yawancin safiyoyin hunturu na Kano, ga kuma danshi. Ran 29 ga Maris na 2020 har dusar ƙanƙara ta sauka bisa furen da ya cika a Tokyo. Ba a fafe gora ranar tafiya: kowane yaro yana bukatar riguna biyu ko uku a jere, da rigar ruwa mai hula a sama, da takalmin da ruwa ba ya shiga, da safa ta canji cikin leda. Ga ƙaramin yaro rigar ruwa ta fi laima, don hannuwansa su zama sake. Na'urorin sayar da abin sha da ke kowace kusurwa suna da mai zafi, alamarsa ja, mai sanyi kuwa shuɗi. Idan yaro ya soma rawar ɗari ko leɓɓansa suka sauya, kallo ya ƙare, sai masauki. Lambar motar asibiti 119 ce.

Japanawa da kansu suna cewa curi ya fi fure, watau cikin da ba kome ba ya kallo. Curin da suke nufi shi ne dango, na garin shinkafa, uku a tsinke, ja-ja da fari da kore. Akwai kuma sakura-mochi, wainar shinkafa mai zaƙin wake a ciki, an naɗe ta da ganyen sakura mai gishiri. Musulmi sai ya yi tambaya, domin naman alade, wanda suke kira buta, da giyar shinkafa, sake, da wata mai zaƙi ta girki, mirin, suna shiga abinci da yawa. Gasasshen dankali da dafaffen ƙwai da ayaba da curin shinkafa mai gishiri kawai suna samuwa ko'ina, gidajen abincin halal kuma sun ƙaru a manyan birane. Akwai ɗakunan salla a filayen jirgin sama na Narita da Haneda. Babban masallacin Tokyo, wanda aka fara ginawa a 1938 aka sake gina shi a 2000 bisa tsarin Turkiyya, yana unguwar Yoyogi-Uehara, na Kobe kuwa yana tsaye tun 1935.

IN FURE YA ZUBE

Wanda ya iso ya tarar ruwa ya riga shi, bai yi asara duka ba. Kwana ɗaya ko biyu bayan zubar fure su ne na hanaikada. Kogin Meguro a Tokyo, mai itatuwa wajen 800 a gaɓarsa, yakan rufe da ganyayen fure, haka ma gwalalon fadar sarki a Chidorigafuchi. Sa'an nan furen tafiya yake yi daga kudu zuwa arewa. A tsibiran Okinawa wani iri yakan buɗe tun Janairu, a Hirosaki ta arewa, inda itatuwa wajen 2,600 suka kewaye tsohuwar fada, sai ƙarshen Afrilu, a tsibirin Hokkaido kuwa har cikin Mayu. A dutsen Yoshino mai itatuwa wajen 30,000 furen yakan fara daga gindi ya yi ta hawa. Masu ganye ninki-ninki kuma sai tsakiyar Afrilu suke buɗewa, lokacin da gidan buga kuɗi na Osaka yake buɗe lambunsa na mako guda, al'adar da ya soma tun 1883.

Lokacin kansa yana gusawa. Wani malamin jami'a a Osaka, Yasuyuki Aono, ya bi littattafan fada da na wuraren ibada ya tattara ranakun cikar fure a Kyoto tun daga ƙarni na 9. Ɗaruruwan shekaru abin yana wajen tsakiyar Afrilu, amma tun daga ƙarni na 19 ya yi ta matsowa saboda ɗumamar duniya da zafin birane. A 2021 ya cika ran 26 ga Maris, ba a taɓa ganin saurin haka ba cikin shekara 1,200 da suka gabace ta. A wasu shekarun yanzu, kafin 'yan aji ɗaya na Tokyo su zo ɗaukar hoto, furen ya riga ya zama ganye.

Saboda haka babu hukumar da za ta iya yi wa magidanci alkawarin rana da fure tare a kwanakin da ya zaɓa. Abin da ke hannunsa shi ne rigar ruwa, da safa ta canji, da wurin fakewa kusa, da kuma fuskar da zai nuna wa 'ya'yansa idan ya buɗe labule ya ga gari ya yi lumshi. Yara daga fuskar iyaye suke karanta ko rana ta ɓaci ko ba ta ɓaci ba. Uban da ya ce a ɗauko laima a tafi, 'ya'yansa za su komo da jiƙaƙƙun takalma da aljihu cike da ganyen fure, su kuma daɗe suna ba da labarin wannan rana. Itacen kuwa, da furen ya gama zuba sai ya yi ganye, kafin zafin shekara ya wuce ya riga ya ƙulla tohon baɗi.